Mai Jego Da Raunin Da Ido Ba Ya Gani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya tausayi a zukatan iyaye mata, Ya kuma ɗora wa maza amanar kula da su. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani al'amari da ke cikin gidajenmu, wanda ba mu saba jin sa a kan mumbari ba, domin kunya ta hana mata su faɗe shi, rashin sani kuma ya hana maza su gane shi. Muna nufin halin da wasu mata ke shiga bayan haihuwa, inda jiki zai warke, jinin biƙi ya ɗauke, amma zuciya ta zauna cikin firgici da ƙunci wata da watanni. Za mu fara da laifin kanmu kafin mu taɓo na wani.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani magidanci mai ƙuruciya daga wani ƙauye na karkarar Kore Mairuwa ya jira har jama'a suka watse bayan sallar lisha, sannan ya matso ya durƙusa, ya ce: “Allah gafarta malam, a taimake ni da addu'a. Tun da iyalina ta haihu ta sake. Ba ta dariya, ba ta barci, in yaro ya yi kuka sai ta toshe kunne. Inna ta ce iska ce, baffana ya ce raini ne. Ni kuwa na gaji, har na fara tunanin sallamarta.” Muka yi masa addu'a, muka ce ya yi haƙuri, zama da mata sai haƙuri, ya tashi ya tafi. Ba mu tambaye shi yadda haihuwar ta kasance ba. Bayan kamar wata biyu aka zo mana da labari cewa mata masu ɗebo ruwa sun tarar da ita da asuba a bakin rijiya, ita kaɗai, ba guga ba tulu, tana leƙe. Allah Ya sa suka riƙe ta. Sai a sannan muka yi tambayar da ta kamata mu yi tun farko.

Ashe haihuwar fari ce, shekarunta kuma ba su wuce 16 ba. Kwana biyu tana naƙuda a ɗaka, ta cije baki, don an koya mata cewa ɗiyar kirki ba ta kuka a kan gwiwa. Da abin ya gagara aka ɗora ta a amalanke zuwa likita, daga can aka sa ta a motar asibiti cikin dare, jini na zuba, tana jin masu rakiyarta suna cewa da wuya ta kai. Aka yi mata aiki, aka ciro yaron da rai. Ranar suna aka yanka rago, aka yi barka, kowa ya ce an rabu lafiya, magana ta ƙare. A wurinta kuwa ba ta ƙare ba. Kowane dare sai ta ga kanta cikin wannan mota. In aka kawo ta gari ta ji jiniya a kan babbar hanyar da ta fito daga Doso ta nufi Dogondutsi, sai gaɓoɓinta su mutu, gumi ya karyo mata. Kukan jaririn yana mayar da ita wancan dare, shi ya sa take toshe kunne. Sannan ta koma tana zargin kanta, tana cewa wace irin uwa ce ke gudun kukan ɗanta, lalle Allah Ya yi fushi da ita. Ba ta faɗa wa kowa ba, don babu wanda ya tambaye ta.

Ya ku bayin Allah, mu koma ga Littafin Ubangijinmu mu ga yadda Ya ɗauki wahalar haihuwa. A cikin Suratu Luƙman, aya ta 14, da Suratul Ahƙaf, aya ta 15, Allah Ya kafa hujjar biyayya ga uwa a kan raunin da ta sha da wahalar da ta jure wurin ɗaukar ciki da sauke shi. Mu dubi kuma ƙissar Nana Maryam, amincin Allah ya tabbata a gare ta, a surar da ke ɗauke da sunanta, daga aya ta 22 zuwa ta 26. Mace ce da Allah Ya zaɓa Ya tsarkake, amma da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ita kaɗai a wuri mai nisa, sai da ta yi fatan a ce ta mutu tun kafin wannan rana, an manta da ita. Malaman tafsiri sun ce abin da ya haɗu mata shi ne zafin naƙuda, da kaɗaici, da tsoron bakin mutane. To, me aka mayar mata? Babu tsawa a cikin amsar, babu tuhumar imaninta. An kira ta da lallashi an hana ta baƙin ciki, an nuna mata ruwa, an ba ta ɗanyen dabino, an ce ta ci ta sha hankalinta ya kwanta, har ma aka ɗauke mata nauyin amsa wa mutane. Wannan ita ce tarbiyyar Ubangiji ga mai haihuwa: lallashi, abinci, ruwa, da kariya daga surutun jama'a. Mu kuwa in mai jego ta furta rabin abin da Nana Maryam ta furta, sai mu ce ta yi saɓo.

Haka nan Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, bai kuwa fita daga sahun masu haƙuri ba. Saboda haka wanda ya ce mumini ba ya shiga ƙunci, ya faɗi abin da Alƙur'ani bai faɗa ba.

Mu da muka yi karatun madarasa da na zaure mun haddace hukuncin jinin biƙi tun muna yara, amma babu babin da ya koya mana alamomin wannan ciwo. Don haka muka zauna da ma'aikatan lafiya, muka tambaya, muka karanta, ga kuma abin da muka fahimta.

Da yawa daga cikin masu jego, a kwana na uku zuwa na biyar, sukan ji kuka na zo musu babu dalili, ransu na saurin ɓaci. Wannan yana zuwa ne daga sauyin da jiki ke yi bayan sauka, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu, in an samu hutu da kalma mai daɗi. Abin lura shi ne in ya zarce mako biyu yana ƙaruwa: ba ta jin daɗin kome, abinci ba ya shiga, ko yaro ya yi barci ita ba ta iya runtsawa, tana ganin kanta ba ta da amfani, tana cewa da ta mutu da kowa ya huta. Wannan shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa kimanin mata 13 cikin 100 da suka haihu suna kamuwa da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa wannan ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20 cikin 100. Binciken da aka yi a ƙasarmu a shekarar 2021 ya nuna cewa macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa shida da ɗoriya a matsakaici. Wanda zai bi ta ƙofa ɗaya sau shida, ai ya kamata a san abin da ke bayanta.

Ciwon ɗiyar da muka ba ku labari kuwa na firgici ne, irin wanda ke kama wanda ya tsira daga hatsarin mota ko daga hannun ƴan bindiga. Asalinsa shi ne mutum ya ga mutuwa ido da ido, ba shi da ikon yin kome. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da wani shiri na tsaro, wanda in hatsari ya taso yake sa zuciya ta buga, numfashi ya hau, ido ya buɗe. Ga mafi yawan mutane wannan shiri yana lafawa in hatsarin ya wuce. Ga wasu kuwa ya ƙi lafawa, kamar mai gadin da aka manta ba a gaya masa gari ya waye ba. Sai ka ga abin da ya faru yana dawo mata a mafarki da farke tamkar yanzu yake faruwa. Wari, ko ƙara, ko ganin farar riga ya tayar mata da shi. Tana gudun duk abin da zai tuna mata, har ta ƙi kai yaro awo da rigakafi. Tana zabura da motsi kaɗan. Wani lokaci kuma ta zama kamar itace, ba farin ciki ba baƙin ciki, ta ɗauki ɗanta ta ji kamar na wata ne. In waɗannan alamomi suka wuce wata guda suna hana ta zaman lafiya, likitoci suna lissafa shi ciwo mai buƙatar magani. Bincike a ƙasashe dabam-dabam ya nuna yana samun kimanin mata 4 cikin 100, kuma ya fi haka nesa ga waɗanda suka yi doguwar naƙuda, ko jijjiga, ko zubar jini mai yawa, ko aikin gaggawa, ko aka ciro musu ɗa babu rai. Har da wadda aka yi wa tsawa ko wulaƙanci tana kan gwiwa, a gida ne ko a wani wuri, domin muguwar magana a wannan sa'a ba ta gogewa da sauƙi. Kada kuma mu manta da ƴan'uwanmu mata da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari: sun rasa ɗa, sun rasa lafiya, sau da yawa kuma miji ya guje su. Wannan ciwo ana ɗinke shi, a Yamai da kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012, amma ɗinkin likita ba ya kai wa ga abin da gudun dangi ya yaga.

Akwai na ƙarshe, wanda shi ne mutanenmu suka fi sani don ba ya ɓoyuwa, wato haukan jego. Yana samun mace 1 ko 2 cikin 1000, yawanci a makonni biyu na farko. Sai ta daina barci ɗungum, ta riƙa magana marar kan gado, tana jin muryoyi, tana cewa an musanya mata yaro ko ana son kashe ta. Wannan gaggawa ce kamar zubar jini. Ranar da aka gani, ranar za a tafi asibiti, kada a bar ta ita kaɗai da jariri ko da na ɗan lokaci, kada kuma a ɗaure ta ko a doke ta. Zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa shi ma yana rikita hankali, kuma likita ne kawai zai bambance. Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa sarai in an kai su da wuri. Ta fuskar shari'a kuwa, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya bayyana cewa ba a rubuta wa wanda hankalinsa ya gushe laifi har sai ya dawo. Wanda Allah Ya ɗauke wa alƙalami, wane ne kai da za ka riƙe ta da maganar da ta yi, har ka yi saki a kanta?

A nan Arewa mun san inda ake fara nufa in irin wannan ta faru. Wasu su ce doguwa ce ta taɓa ta, a kira ƴan bori. Wasu su ce kishiya ce ta yi sammu, ko wata tsohuwa ce ta kama mata kurwa. Sai a tashi da ciwo ɗaya a koma da zunubi uku: an je wurin boka, alhali Muslim ya ruwaito gargaɗin cewa mai zuwa tambayar ɗan duba ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, an yi wa baiwar Allah ƙazafi, an kuma sayar da akuya da hatsi an ɓata lokacin da ya kamata a nemi magani. Ba mu musun samuwar aljannu ko sihiri, Alƙur'ani ya ambace su. Abin da muke musu shi ne a jingina musu kowane ciwo ba da hujja ba. Ruƙiya da ayoyin Allah da addu'o'in da suka inganta halal ce, kuma ba ta hana zuwa likita, domin Buhari ya ruwaito cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Amma mai ruƙiyar da ke dukan mara lafiya, ko ya turara mata barkono, ko ya keɓe da matar mutane, ko ya hana ta shan maganin asibiti, wannan azzalumi ne ko da ya haddace sittin.

Ya kai magidanci, nauyin farko naka ne. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora maka ci da tufafin mai shayarwa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Da yawa cikinmu da an gama girbi sai bida, a bar mace da tsohon ciki, sai dai a aiko da kuɗin rago. Neman halal ibada ne, amma kafin ka tafi ka tsara wanda zai kai ta likita in naƙuda ta tashi, ka bar izini a sarari don kada a zauna jiran wayarka tana zubar da jini. Tun 2005 hukuma ta ɗauke kuɗin aikin ciro ɗa a asibitocin gwamnati, saboda haka jinkirin da ke kashe mata da yawa a cikin gida yake farawa. In kuwa kana nan, ka zauna kusa da ita ka tambaye ta yadda ta kwana, kuma ka jira amsa. Ka tuna abin da Nana Hadiza, Allah Ya yarda da ita, ta yi lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa: ta lulluɓe shi har ya natsu, ta saurari labarinsa, ta tuna masa kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda ke da ilimin abin. Ka yi wa matarka abin da Uwar Muminai ta yi wa mijinta. In ta so ba da labarin daren haihuwar sau goma, ka ji shi sau goma, kada ka ce mata ya wuce a manta. In ba ta so ba, kada ka matsa. Game da shimfiɗa kuma, mu faɗa cikin ladabi: ɗaukewar jini ya halatta ta, amma bai wajabta maka gaggawa ba. Wadda ta ga mutuwa wurin haihuwa tana tsoron wani ciki, kuma tilasta mata yana ƙara raunin. Ku je tare ku nemi shawarar ungozomar likita a kan hutun da jikinta ke buƙata kafin wani ciki.

Ku kuma iyayenmu mata, iyayen miji da gwaggwanni, al'adar jego da kuka gada tana da alheri mai yawa. Zaman arba'in, da komawa gida haihuwar fari, da dafa wa mai jego nama da kunu, duk rahama ce da wasu al'ummomi suka rasa suna nema. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a bai wa mara lafiya da mai baƙin ciki, kuma Buhari ya ruwaito daga gare ta cewa yana sanyaya zuciya. Abin da muke roƙo ku ƙara shi ne barci: wata ta karɓi jariri wani yanki na dare don uwar ta samu sa'o'i a jere, domin rashin barci shi ne itacen da ke hura wannan wuta. Abin da muke roƙo ku rage kuwa shi ne gori, irin su “mu da muka haifi goma ba mu yi haka ba”, da kuma koya wa ƴaƴa mata ɓoye naƙuda. Ku sassauta zafin ruwan wanka da yawan kanwa, don tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka nuna cewa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. Wadda ke haki da kumburin ƙafa ko farin ido na ƙarancin jini, a kai ta a duba.

Ke kuma ƴar'uwa mai jego, in wannan takarda ta iso gare ki ko aka karanta miki, ki sani ba ke kaɗai ba ce, kuma Allah bai yi fushi da ke ba. Mun lura cewa a daidai lokacin da kika fi buƙatar salla, a lokacin ne shari'a ta ɗauke miki ita, sai wasu su ji kamar an rufe musu ƙofa. Ƙofar tana buɗe. Zikiri da salati da addu'a duk halal ne a gare ki, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Ahalari, mai haila tana iya karatun Alƙur'ani da ka ba tare da taɓa Mus'hafi ba, mai biƙi kuma hukuncinsu ɗaya. Iyakar jinin biƙi a wurinmu kwana 60 ne, kamar yadda Risala ta kawo, amma da zarar ya ɗauke, ko da kafin arba'in ne, sai ki yi wanka ki koma salla. In mugun tunani yana faɗo miki game da kanki ko jaririnki, kina ƙin sa yana tsorata ki, ki sani Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata ke saƙawa muddin ba a aikata ko an furta shi da nufi ba. Faɗa wa likita ko wadda kika amince da ita don neman magani ba ya cikin abin da ake kama mutum da shi. In kuwa kika ji tunanin yana rinjayar ki, ki faɗa a ranar, kada ki kwana da shi.

Maganin yana farawa daga CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu su tura asibitin gunduma, ko Doso, ko sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai. Akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha, likita ne ke zaɓa, sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su da ka, ko da azumi ya kama, sai an koma wurin wanda ya rubuta. Ku nisanci ƙwayoyin barci da tramol na masu talla a kasuwa. Wani babban sashe na maganin kuma magana ce. A karkarar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, wurin Musulmi manoma kamarmu, an horar da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa ziyartar masu ciki da masu jego da ke da ciwon damuwa, suna sauraron su, suna taimaka musu su gyara tunanin da ke karya musu gwiwa, suna jawo dangi cikin kulawa. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida da haihuwa, 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, alhali a ɗaya rukunin 53 ne. A 2015 OMS ta mayar da wannan hanya littafin koyarwa don sauran ƙasashe. Malamanmu mata na makarantun Islamiyya, waɗanda dama suna shiga gidajen barka, su ne suka fi dacewa su koyi irin wannan sauraro.

Ɗiyar nan da aka riƙe a bakin rijiya, an kai ta asibiti, ta sha magani, gwaggonta ta tare a wurinta wata uku. Ba ta warke a mako ɗaya ba. Akwai ranakun da aka ga kamar an koma baya. Sannu a hankali ta fara goya yaron da kanta, ta koma zuwa awo, farko da rakiya, daga baya ita kaɗai. Haihuwarta ta biyu a likita aka yi ta, mijin yana zaune a ƙofa tun daga farko har ƙarshe.

Mu limamai da ladanai da masu wa'azi, mu ne ake kira da sassafe ranar bakwai mu raɗa suna, don haka babu gidan haihuwar da ba mu shiga. Mun ɗaukar wa kanmu, muna kuma roƙon ƴan'uwanmu na masallatan Kore Mairuwa da Tibiri da Dogondutsi su ɗauka, cewa bayan an shafa fatiha za mu ja uban yaro gefe mu tambaye shi yadda haihuwar ta zo, da ko uwar tana ci tana barci, sannan mu sake tambayarsa in arba'in ta kusa. Allah Ya ba masu jegonmu lafiyar jiki da ta zuciya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, Ya yafe mana tambayar da ba mu yi ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.